Rigar Baibai

Kwana ashirin da uku 'yar tela ta yi a cikin kwalbar asibiti, ba ta taɓa sa riga ba. Bakwaini ce. Ranar da aka haife ta nauyinta bai kai na dutsen gugarsa ba, shi da kansa ya faɗa, kuma ba wasa yake yi ba. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya zo ya wanke hannu da sabulu kamar yadda aka umarta, ya tsaya yana kallonta ta cikin gilashi, daga ita sai ɗan kunzugu da wata siririyar waya manne a ƙirjinta. Ma'aikatan ɗakin suna kiranta Lamba Uku, don kwalbarta ce ta uku daga ƙofa. Uwarta kuwa 'Yar Mitsila take ce mata.

Da safen nan babbar nas, wata gajeriyar mata mai tabarau da kowa yake kira Sista, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam tela, yau da ƙarfe biyu za mu fitar da 'yarka."

"Fitar da ita ina, Sista?"

"Daga kwalba zuwa gado, kusa da uwarta. Ta kai nauyin da likita yake so. Kuma an haifi wani yaro ɗazu, bai ma kai ta ba, ya fi ta bukatar wurin." Ta gyara tabarau. "Ka saurare ni da kyau. Duk kwanakin nan kwalba ce take ɗumama ta. Daga ƙarfe biyu, sai jikinta da tufafinta. Za mu riƙa auna zafin jikinta duk bayan awa ɗaya har ƙarfe shida. In ta riƙe talatin da shida da rabi, ta zauna da uwarta. In ta kasa, babu kwalbar da za ta koma a nan. Sai mota ta kai ta babban asibiti, tafiyar awa uku, uwar kuma ɗinkin cikinta bai warke ba, ba za ta bi ta ba."

A ɗakin masu jego ya tarar da matarsa zaune a kan gado, yayarsa kuma ta zazzage jakar kayan jarirai da ta sayo a kasuwa tun kafin haihuwa. Riguna masu kumfa, riguna masu leshi a wuya, wanduna, huluna masu kunnen zomo. Sista ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga mafi ƙanƙanta a ciki, ta zura hannunta ta wuyan ya fito ta ƙasa.

"Wannan ai tanti ne. Iska za ta shiga ta nan, ta fita ta can, ta tafi da ɗumin yarinya. Ina son riga da hula daidai jikinta."

Yaya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ga tela a gida, ni ina ta yawon kasuwa. Kai da ka tufatar da rabin gari, 'yarka ce za ta fito tsirara? Tashi, malam."

Tef ɗin awo yana wuyansa kamar kullum. Sista ta goge shi da auduga da magani, sannan ta buɗe masa 'yar tagar kwalbar. Ya zura hannu yana riƙe numfashi. Ƙirji inci goma sha ɗaya. Kafaɗa zuwa cinya inci bakwai. Ya rubuta a tafin hannunsa. Shekara ashirin yana awo, bai taɓa rubuta lambobi irin waɗannan ba.

Shagonsa yana jikin gidansu, tafiyar minti ashirin a babur. Ya hau kujera ya sauko da wani sabon yadi fari mai ɗigon shuɗi, mafi tsada a kantar. Ya yanka, ya zauna a keken ɗinki. Mutane ba don komai suke kawo masa ɗinki ba sai don abu ɗaya: idan ka sa rigarsa, ba za ka ga inda aka haɗa ta ba. Duk bakin ɗinki yana kalmashe shi ya ɓoye a ciki. Haka ya yi wa wannan ma. Ya yi mata ɗan wuya mai zagaye, ya jera maɓallai uku a baya ƙanana kamar ƙwayar magani, ya ɗinka hula ya sa mata roba. Ya goge, ya ɗaga rigar a tafin hannu, sai da idonsa ya ciko.

Sha biyu da kwata ya shimfiɗa ta a kan gadon matarsa. Yaya ta yi shewa. Matar ta shafa ɗigon shuɗin tana murmushi.

Sista ta matso. Ta juya rigar ciki waje.

"Malam tela, rufe idonka."

Ya rufe. Ta goga masa bakin ɗinkin a fatar ido, sau ɗaya, a hankali. Ya ja da baya ba shiri.

"Ka ji ko? Fatarta ta fi wannan taushi. Awa biyu a cikin rigar nan, gefen jikinta zai saluɓe. Maɓallan nan a kansu za ta kwanta. Wayar ƙirjinta ta ina za ta fito? Robar nan za ta yi mata shaida a goshi. Yadin kuma sabo ne, da sitacinsa, ba a taɓa wanke shi ba." Ta sassauta murya. "Riga ta yi kyau, ban taɓa ganin irinta ba. Amma ka yi ta ne don masu kallo. Ita mai sawa cikin rigar take ji, ba wajen ba."

"To yaya ake so in yi?" in ji tela.

"Ɗinkin ya koma waje. Ta buɗe ta gaba, a ɗaure da igiya. Ninki biyu. Kuma tsohon yadi, wanda ya sha wanki."

"Wato baibai."

"Baibai."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Tun yana koyon sana'a, babu abin da maigidansa ya fi dukansa a kai kamar bakin ɗinki ya leƙo waje. Ya kalli agogon bango: sha biyu da rabi saura kaɗan. Ko da yana da niyyar wanke yadi, ba zai bushe ba.

Matarsa ta kamo gefen rigarsa. "Baban Mitsila, singiletocinka guda biyu da nake cewa zan mayar tsumma. Na wanke su kafin a kawo ni, suna ƙasan durowa, hannun hagu."

"Waɗanda suka huje a hammata?"

"Tsakiyarsu lafiya lau take. Kuma babu abin da ya fi su taushi a gidan nan."

Ya sake hawa babur.

Singiletin ya ba shi wahala. Yadi ne mai talewa, keke yana ja yana tattare shi. Sai da ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi, ya ɗinka tare, sannan ya yage takardar. Yana gama haɗa kafaɗu da gefe, hannunsa ya juya rigar da kansa, ya ɓoye ɗinkin, ya kafa igiyoyin ɗauri. Sai da ya kai ta uku sannan ya ga abin da ya yi. Ya yi salati, ya ɗauki reza, ya warware su zare-zare, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Ƙarfe ɗaya da minti goma.

Maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya leƙo. "Maigida, yau kuma baibai ake yayi? Ko ido ne ya fara tafiya?"

"Matsa min daga haske, don Allah."

Mai takalmi ya ga girman rigar. Ya fita, sai ga shi ya tayar da babur ya tsaya a ƙofa yana jira.

Tela ya haɗa hula ba tare da roba ba. Ya bi komai da dutsen guga mai zafi, ya naɗe a cikin ragowar singiletin. Biyu saura minti biyar yana bakin ɗakin jarirai yana haki.

Sista ta karɓa, ta cire tabarau, ta goga cikin rigar a fatar idonta. Ta mayar da tabarau.

"Wannan ce riga."

Aka fito da 'Yar Mitsila. Ta yi ɗan kuka kamar na 'yar kyanwa, ta miƙe ƙafafu. Sista ta sa mata rigar, wayar ta bi ta tsakanin igiyoyi, ta ɗora hula, ta lulluɓe ta a ƙaramin gado kusa da uwar. Duk bakin ɗinki yana waje, layi-layi, kowa yana gani.

"Kada wanda ya faɗi wanda ya ɗinka," in ji Yaya. "Kasuwarmu za ta mutu." Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta yi ba.

Ta gilashin ƙofa tela ya ga an goge kwalba ta uku, an kwantar da yaron nan a ciki.

Ƙarfe uku Sista ta sa ma'aunin zafi a hammatar jaririya. Talatin da shida da ɗigo shida. Ta rubuta ta tafi.

Ƙarfe huɗu ta daɗe tana kallon ma'aunin. Ta sake sawa.

"Ɗigo uku."

Matar ta dafe ƙirji. "Sista…"

"Zan gaya wa likita, kuma zan ce direba ya zauna kusa. Nan da rabin awa zan sake aunawa." Ta sunkuya, ta ja tsaki kaɗan. "Ga ɓarawon nan. Hular tana zamewa, kan yana waje. Ta kai jarirai suke zubar da ɗumi."

Sai a lokacin tela ya tuna: ƙirji ya auna, tsawo ya auna, kai kuwa da ido ya kintata. Ya zaro allurar da take maƙale a wuyan rigarsa da zarenta. Sista ta goge ta, ta miƙo masa hular, ta rufe kan jaririya da tafin hannunta. Ya auna kan da tef, ya tattaro abin da ya yi yawa daga goshi zuwa ƙeya, ya ɗinke shi a waje da hannu. Saboda sauri, ɗinkin ya fito a karkace, tsaye kamar zankon zakara. Bai gyara ba. Aka mayar mata, hular ta zauna daram har kan kunnuwa. Sista ta ɗauki jaririyar ta kwantar a ƙirjin uwar, ta rufe su da bargo.

Rabin awan nan tela bai zauna ba. Yana tsaye a taga, yana kallon farar motar asibiti a tsakar fili, direba ya buɗe ƙofar baya yana goge gado.

"Ɗigo biyar," in ji Sista. "Daidai kan layi. A bar ta yadda take."

Ƙarfe biyar, ɗigo bakwai. Ƙarfe shida Sista ta duba, ta juya ma'aunin ta nuna masa ya karanta da kansa. Ɗigo takwas. Ta leƙa taga ta yi wa direba alama da hannu, ya rufe mota.

Tela ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon. Matarsa tana hawaye ba sauti, hannunta a kan ɗan zankon. Yaya ta fyace hanci, ta ɗauki rigar nan mai ɗigon shuɗi tana jujjuyawa.

"Wannan kuma sai mu nemo mata 'yar tsana."

Sista ta gama rubutu, ta rataye takardar a jikin gado.

"Malam tela, singileti nawa suka rage maka?"

"Rabin ɗaya."

"To ka fara bin maƙwabta. Sabon Lamba Uku, in Allah ya raya shi, nan da sati uku zai nemi riga."

Tela ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya ciro tef daga wuya ya miƙa mata ta goge.

"Wannan karon da awon kai zan fara," in ji shi.