Rodi na Rataye a Sama

Dogo ya ɗaga ɗaurin rodi har daidai hawa na tara lokacin da agogon hannunsa ya fara girgiza.

Shi ne direban injin ɗaga kaya a wurin ginin. Ɗan ɗakinsa na gilashi yana can ƙololuwa, sai an hau dogon tsani ake kai shi. Agogon kuwa 'yarsa Auta ce ta saya masa, wadda ke karatun aikin jinya. Yana auna bugun zuciya, kuma yana haɗe da wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira a wayarsa, a tambaye ta ta amsa.

Ba yau agogon ya fara ba. Ya daɗe yana nuna masa cewa bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Ya tambayi manhajar, ta ce ya ga likita. Amsar ba ta yi masa daɗi ba, don ya san idan likita ya sa baki, sauke shi za a yi daga injin. Sai ya yi ta lalube a waya har ya faɗa kan wani mai farar riga a bidiyo, yana cewa agogunan nan tsoratar da mutane kawai suke yi, a sha ƙwayarsa ta ganye jini ya wanku. Dogo ya saya yana sha, bai gaya wa kowa ba.

Yau dai abin ya wuce na agogo. Ji ya yi kamar an saki tantabara a ƙirjinsa tana fiffika. Zufa ta karyo masa, ganinsa ya fara dusashewa.

Oba-obar da ke gefensa ta yi ƙara. Gajere ne, abokinsa mai ba shi alama daga ƙasa.

"Dogo, barci kake yi ne a can? Juya dama, magina na jira."

"Gajere, kawar da mutane daga ƙarƙashin kayan."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Kawar da su na ce. Ba na gani sosai."

Gajere bai ƙara tambaya ba. Dogo ya hango hulunan kwano na watsewa, dishi-dishi. Ɗaurin rodin na lilo a hankali, iska na kaɗa shi. Ya san ba zai iya ajiye shi a hawa na tara ba, wurin matsattse ne, ga mutane a bakinsa.

"Ƙasa zan kawo shi," in ji Dogo. "Kai ne idona."

"To. Hagu kaɗan. Kaɗan na ce. Tsaya. Yanzu sako."

Hannunsa ya jiƙe, yana zamewa a kan sandar tuƙi. Ya goge a wando ya sake riƙewa. Agogon ya ƙara girgiza, ya ƙi kallonsa.

"Kana ji na, Dogo? Yi magana."

"Ina ji."

"Saura kaɗan. Kada ka mutu mini a can, ka san ba na son tsani."

Dogo ya so ya yi dariya, numfashi ya hana shi. Ya ci gaba da sakin igiyar ƙarfen har ya ji nauyin ya bar injin.

"Ya zauna," in ji Gajere. "Kashe."

Ya kashe. Ya buɗe murfin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya dubi tsanin, sai jiri ya ɗebe shi. Ya koma ya zauna, ya ciro waya, ya faɗa wa manhajar abin da yake ji da inda yake.

"Wannan na gaggawa ne," in ji muryar manhajar. "Ni ba likita ba ce, ba zan iya sanin dalilin ba. Kada ka sauka kai kaɗai. A kira motar asibiti yanzu."

Ya ce wa Gajere ya kira. Shi kuma ya danna lambar Auta.

"Baba, lafiya? Ina aji."

"Agogon nan naki ne ya dame ni."

"Tun yaushe?"

Ya share zufa.

"Baba, tun yaushe?"

Ya gaya mata, har da ƙwayar. Ya ji ta tana gudu, takalmanta na bugun siminti.

"Jingina da kujera. Kwance maɓallin wuya. Kwalbar ƙwayar tana tare da kai? Kada ka yar, likita zai so ya gani. Kuma kada ka kashe wayar nan."

Tana cikin magana sai ga kan Gajere ya ɓullo ta murfin, fuska sharkaf da zufa. Ya rarrafo ya zauna a ƙasa ya riƙe gwiwar abokinsa, ya ƙi duban gilashi. Haka suka zauna har 'yan kwana-kwana suka hawo suka ɗaure Dogo a gadon ɗaukar marasa lafiya, suka zuro shi da igiya.

A asibiti likita ta juya kwalbar tana neman jerin abin da ke ciki, ba ta samu ba. Ta ce agogo ba ya gane cuta, amma abin da ya yi ta nunawa ya isa a zo tun farko. Ciwon yana da magani, sai dai batun hawa sama a bar shi tukuna.

Auta na tsaye a bakin gado, ta harɗe hannu, idanunta jajir.

"Fushi kike yi da ni?" ya tambaya.

"Sosai ma, Baba," ta ce. Ta gyara masa matashi, ta fita ta kira mahaifiyarta.