Ɗigon da ya gusa

Wata uku da gama karatun haɗa manhaja a jami'a, Auta ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani. Aikin farko da aka damƙa mata shi ne shafin da ke lissafa wa nas adadin maganin yaro gwargwadon nauyinsa. Ranar Litinin wani asibitin yara ya fara amfani da shi.

Ranar Laraba da hantsi tana bitar abin da ta rubuta, sai idonta ya tsaya kan wani layi. Ta gwada kilo shida. Lambar da ta fito ta tona kuskuren: duk yaron da bai kai kilo goma ba, ɗigon lissafi kan gusa gida ɗaya, magani ya ninka sau goma.

Minti biyu ya isa ta gyara, ba wanda zai sani. Amma kwana biyu fa da aka riga aka yi?

Ta miƙe, ta nufi teburin shugaban sashensu, wani mai furfura da kowa ke kira Kawu.

"Kawu, na yi ɓarna."

Ya karanta layin, ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Tun Litinin?"

Ta gyaɗa kai. Ya rufe shafin nan take, ya kira asibiti sau uku, ba a ɗauka ba.

"Ɗauko jakarki."

Suka shiga mota suka nufi asibitin. Duk jar danjar da ta tsayar da su, sai Auta ta duba agogo.

Babbar nas ta saurare su fuska a murtuke, ta jawo littafin ɗaki tana bi da yatsa.

"Jarirai huɗu. Uku ni na ba su, kuma ni da biro nake lissafina, ban yarda da abinku ba tukuna. Na huɗun, wata sabuwar nas ce ta karɓe shi da safe, ita kuma da shafinku take lissafi."

Suka bi ta da sauri zuwa gadon ƙarshe. Jaririn yana kwance shiru, idonsa a rufe, uwarsa na yi masa fifita. Auta ta kafe ƙirjinsa da ido har sai da ta ga ya motsa.

A kan tire kusa da gadon, ga sirinji cike, ba a taɓa ba.

"Robar allurar da ke hannunsa ce ta toshe," in ji uwar. "An ce mu jira likita ya sake sa wata. Lafiya dai, 'yata?"

Auta ta nuna tiren da yatsa. Babbar nas ta ɗauke sirinjin, ta zubar.

A waje Auta ta zauna kan dakali, Kawu ya tsaya kusa da ita.

"Ni ma na duba layin nan kafin mu ba su shafin, na wuce shi," Kawu ya ce. "Tashi mu je. Rahoton tare za mu rubuta."