Murfin Kwanon Inna Yalwa

Ɗakin gwajin kimiyya na Sakandaren Jeka-ka-dawo ta Bakin Rafi, can ƙasan Kwamba, yana da ƙofa, yana da kwaɗo, har da allo a sama an rangaɗa sunansa da fenti. Kayan gwaji ne kawai babu. In ka shiga, tebura huɗu ne da kwalabe wayam da gidan rina a kusurwa. Saboda haka Malam Femi, malamin kemistiri, a jikin allo yake yin firaktikal ɗinsa. Sai ya zana buret da alli, wato doguwar kwalbar nan siririya mai ɗan famfo a ƙasa, ya zana ɗigo uku suna sauka, sannan ya juyo ya ce da Hausarsa wadda shekara goma sha biyu a Suleja ba ta miƙar ba, "To yara, ku rufe ido ku gani. Ruwa ya canza kala."

Kowa ya yi dariya, ban da Tayyiba Ladan. Ita da gaske take rufe idon.

Tayyiba tana aji biyu na babbar sakandare, kuma tun tana ƙarama ta ƙudurta ilimin haɗa magunguna za ta karanta. A aji ba ta ɗaga hannu sai dole, ba don ba ta san amsa ba. Mahaifiyarta, Inna Yalwa, zobo take yi na sayarwa, Tayyiba ce mai tacewa kowace safiya, har jan ya kama yatsunta ya zauna daram. 'Yan aji suna ce mata 'Yar Zobo. Ba da mugunta suke faɗa ba, amma tana jin zafinsa, shi ya sa kullum hannayenta suna cikin hijabi.

A sati na uku na zangon karatu takarda ta zo daga ofis. Shugabar makaranta ta karanta ta a asambuli: duk makarantar da ba ta da kayan gwaji, a ƙarshen zango za a rufe ajin kimiyyarta, a mayar da ɗaliban wata makaranta a Sabon Wuse. Wanda ba zai iya zuwa ba ya koma ajin kasuwanci.

Da yamma Tayyiba ta kai wa mahaifinta maganar. Malam Ladan masinja ne a wani ofis a Abuja, shekara goma sha tara yana bin mota safe da yamma, abin da ya gani a titi ya ishe shi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya girgiza kai.

"Titin Kaduna kullum? Tsakanin tireloli? A'a, Tayyiba. Ni na san abin da nake wucewa a hanya. In sun rufe, ki koma kasuwancin. Shi ma karatu ne."

"Baba, ai ba shi nake so ba."

"Na sani. Amma na fi son in dawo in tarar da ke."

Ta san ba ƙeta ce ta sa shi ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Ƙofa ɗaya ta rage, Malam Femi ne ya nuna musu ita. Wata gidauniyar 'yan kasuwar gari ta shirya gasar kimiyya tsakanin makarantun shiyya, nan da sati shida. Kowace makaranta ɗalibi ɗaya. Makarantar da ta zo ta ɗaya za a cika mata ɗakin gwaji da kaya.

"In muna da kaya, ba su da dalili su rufe mu," in ji shi. "Tayyiba, ke za ki je."

"Sa, akwai firaktikal?"

"Akwai. Shi ya fi maki."

Aikin da ake bayarwa sananne ne: a zuba ruwan soda irin ta haɗa sabulu a kwalba, a sa masa ɗigon launi, a riƙa sakin asid daga buret har launin ya juya, sannan a karanta yawan asid ɗin da ya shiga. Ɗigo ɗaya ya wuce, lissafi ya ɓaci. Ita kuwa Tayyiba ko a mafarki ba ta taɓa riƙe buret ba. Obiora, mai bakin ajin, ya ce, "Sa, sai dai ta tafi da alli ta zana musu."

Ranar Asabar da hantsi tana tsugune gaban tukunyar zobo, hankalinta ba ya wurin. Inna Yalwa tana da wata al'ada: kowace tukunya ta dahu, sai ta ɗiga kaɗan a kan wani farin murfin kwano mai ɓantaren baki, ta karkata shi ga haske, ta ce ya yi ko bai yi ba. Ba ta ɗanɗanawa, ido kawai. Ranar nan Tayyiba ce ta ɗebo, kuma cikin rashin kula ta ɗauki cokalin da ke cikin ruwan kanwar da aka jiƙa don wake. Zobon da ya taɓa murfin, maimakon ja, sai ya koma kore mai duhu.

"Ke! Cokalin kanwa kika tsoma mini? Yau na ga sakarci."

Tayyiba ba ta ji faɗan ba. Ta zuba wa murfin ido. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɓarin lemon tsami, ta matsa ɗigo ɗaya. Koren ya motsa. Ta ƙara ɗaya, ta ƙara, sai ga jan ya dawo tas kamar bai taɓa tafiya ba.

"Inna, ya canza kala!"

"To da me zai yi? Kanwa ta kashe tsami, tsami ya kashe kanwa. Yau kika fara gani?"

Ranar Litinin ta je makaranta da gorar zobo marar sukari, da ƙullin kanwa, da lemon tsami, da murfin da ta roƙi aronsa. Malam Femi ya kalli launin ya tafi ya dawo sau biyu, sai ya dafe kai ya yi wata doguwar magana da Yarbanci, wadda ba wanda ya nemi fassararta. Saura buret. Nan bakin Obiora ya yi amfani: babansa yana da kemis a bakin kasuwa, washegari ya zo da sabuwar robar ƙarin ruwa da babban sirinji mai lambobi a jiki. Suka ɗaure sirinjin a jikin sandar tsintsiyar mofa, suka haɗa robar a ƙasa. Ɗan abin murzawar nan da nas take rage gudun ruwa da shi, shi ya zama famfo. Lemon tsami ya tsaya a madadin asid, kanwa a madadin soda, zobo kuma shi ne launin.

Sati shida, kullum bayan an tashi, suna ƙarƙashin darbejiyar bayan aji. Zobo kuwa malami ne mai tsanani. Ba ya tsalle daga kore zuwa ja. Sai ya bi ta wani launi mai duhu kamar na nunanniyar ɗinya, na ɗan lokaci kaɗan, kuma daidai nan ake son a tsaya. Tayyiba ta wuce wurin ya fi sau ɗari. Ta koyi sakin ɗigo ta tsaya, ta girgiza, ta duba a kan farin murfin, ta sake. Har ta kai tana iya rataye rabin ɗigo a bakin robar. Inna Yalwa takan yi mita cewa makarantar boko ta cinye mata kanwa, amma kullum da safe ita take cika gorar.

Ranar gasar, a wata makarantar kuɗi da ke hanyar fita gari aka yi. Makarantu goma sha huɗu. Tayyiba ta sauka daga Keke Napep ta ga 'yan makarantu da fararen rigunan ɗakin gwaji, wato lab, masu bajo a ƙirji, ita kuwa tata ta Malam Femi ce, an naɗe hannun sau uku. A rubutacciyar jarrabawa ta zo ta uku, maki huɗu tsakaninta da na ɗaya. Komai ya rataya a kan firaktikal.

Da aka shigar da su ɗakin, sai da ta tsaya. Ga buret na gaske, reras, suna ƙyalli. Sun fi na allo kyau nesa ba kusa ba. Teburan baƙin dutse ne sumul. Babbar alƙaliyar gasar, Dakta Halimatu, wata doguwar mata mai tabarau da ba ta ɓarnar murmushi, ta ce minti arba'in, kuma wanda lambarsa ta fi kusa da tasu shi ya ci.

Tayyiba ta auna ruwan sodar, ta ɗiga launin da aka ba su, ya zama ruwan ɗorawa. Ta ɗora kwalbar a kan baƙin teburin, sai ta ga ba ta ganin komai da kyau. Ta ɗaga hannu, jan yatsunta a fili.

"Ma, don Allah zan iya sa wannan a ƙarƙashi?"

Ta zaro murfin daga jaka. Wani yaro a teburin gefe ya ce, "Abinci za ki ci?" Dariya ta zaga ɗakin. Dakta Halimatu ta karɓi murfin, ta juya shi gaba da baya, ta ga ba rubutu ba komai, ta miƙa mata.

"Sa abinki."

Sai kuma famfon ya kunyata ta. Ta murza shi yadda take murza na roba, ai kuwa asid ya kwararo shaa, ruwan ya zama ja jawur kafin ta kama shi. Yaron gefe ya rufe baki yana dariya. Ta ga ajin kasuwanci ƙiri-ƙiri a gabanta. Ta ajiye komai, ta yi bisimilla. Ta ɓata minti biyar cur ba ta gwada komai ba, tana buɗe famfon tana rufewa a kan kofin zubarwa, har babban yatsanta ya gane halinsa. Ashe ma ya fi na roba biyayya.

Ta sake farawa. Sauran har sun gama na biyu. Ita tana ɗigo, tana girgizawa, tana dubawa. A kan farin murfin ta ga ruwan ɗorawar ya fara wani ɗan ɗumi, kamar ɓawon lemon da ya soma nuna. Ta rataye rabin ɗigo, ta shafe shi a bakin kwalbar, ta girgiza. Ya tsaya ruwan lemo. Ta karanta lambar buret, ta rubuta 23.4, wato ashirin da uku da ɗigo huɗu. Ta sake, lambar ba ta motsa ba. Ta yi na ƙarshe ana cewa saura minti biyu, ita ce dai. Da ta waiga, yawancin kwalaben ɗakin sun yi ja, don a kan baƙin tebur sai launi ya yi ƙarfi ido yake kama shi.

A babban zaure aka faɗi sakamako. Dakta Halimatu ta ce lambar alƙalai ashirin da uku ce da ɗigo huɗu, kuma mutum ɗaya ne ya same ta, har sau uku. Tayyiba ba ta ji an kira sunanta ba, don Malam Femi ya riga ya yi tsalle ya ture kujera, Obiora yana ihu daga baya, "'Yar Zobo! 'Yar Zobo!" Karo na farko sunan ya yi mata daɗi a kunne.

Da ta hau karɓar takardar shaida, Dakta Halimatu ta riƙe hannunta, ta dubi yatsun.

"A wane lab kika koyi wannan hannun?"

Makirfo yana gabanta. Ta ja numfashi.

"Ba mu da lab, Ma. Da zobon innata muka koya, da kanwa, da robar ƙarin ruwa."

Tafi ya ɓarke a zauren. Dakta Halimatu ta cire tabarau tana dariya har da hawaye, ta ce a rubuta mata yadda ake yi, za ta koya wa ɗalibanta.

Malam Ladan ya dawo da yamma a gajiye kamar kullum. Ya karanta takardar a tsaye, bai ko cire takalmi ba. Ya sake karantawa. Sai ya ce, "Ke nan ba Sabon Wuse?"

"Ba Sabon Wuse, Baba."

"Alhamdu lillahi. Allah Ya yi miki albarka." Ya fita ya nuna wa duk mazauna gidan hayar, har da wanda ba su cika gaisawa ba.

Bayan sati uku motar kaya ta tsaya a Bakin Rafi, aka sauke kwalaye, aka kori rina, wata takardar ta zo daga ofis cewa ajin kimiyya yana nan. Ranar buɗe ɗakin aka gayyaci iyaye. Inna Yalwa, wadda ba ta taɓa zama a aji ba a rayuwarta, ta ƙi zuwa sai da aka ja ta, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi. Shugabar makaranta ta matso da ita gaba, ta ce Tayyiba ta yi gwajin farko kowa ya gani.

Tayyiba ta ajiye murfin, ta ɗora kwalbar. Ɗigo, girgiza. Ɗigo, girgiza. Manyan baƙi suna ta leƙe ba su san me suke jira ba. Ta kai yatsa za ta ƙara rabin ɗigo ke nan, sai wata murya ta fito daga gefenta, irin muryar tsakar gida.

"Ke, tsaya haka. Ya yi."

Tayyiba ta janye hannu. Malam Femi ya sunkuya ya dubi kwalbar, ya dubi lambar buret ɗin, ya duba takardarsa. Sai ya miƙe, ya cire hularsa, ya rusuna wa Inna Yalwa.

"Mama," ya ce, "daidai ne."

Inna Yalwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don kunya. Ta matsa kusa da 'yarta, ta yi ƙasa da murya.

"In kun gama ki ba ni murfina. Na bar tukunya a wuta."