Hoton da Lubabatu Ta Ɗora a Sitatus

Lubabatu ba muguwa ba ce, wannan kowa a unguwarsu a Rano zai shaida. Yatsa ne da ita mai gaggawa, yakan riga hankalinta isa wuri.

Da hantsi aka bugo mata waya cewa motar albasar da ƙaninta Tajuddeen ya bi zuwa Kudu ta faɗi, kuma shi Allah ya karɓi abinsa nan take. Ta zube a tsakar gida ta yi kuka mai isarta. Tana tashi, hawaye bai bushe ba, ta yi abin da kowa ke yi yanzu: ta nemo hotonsa na sallah, da hularsa ruwan toka, ta rubuta Innalillahi a ƙasa, ta ɗora a sitatus, inda duk mai lambarta zai gani. Ta dai yi dabara ɗaya, ta toshe lambar matarsa Saudat don kada ta gani.

Ita Saudat tana Durba, gidan iyayenta, ta tafi goyon ciki. Cikin fari ne, ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Ga hawan jini, ƙafafu sun kumbura kamar an hura. A asibiti an ja wa mahaifiyarta Inna Kulu kunne: kada a bari ta ji abin da zai firgita ta.

Wayar Lubabatu ta yi ƙara. Babban wansu ne, Zailani, daga Kano.

"Ke, kina da hankali kuwa? Me na gani a sitatus ɗinki?"

"Yaya, ai na toshe Saudat."

"Kin toshe Saudat, kin toshe mutanen Durba? Tun yaushe ake faɗa wa mai ciki mutuwa a waya? Ga ni nan tafe da Kawu, mu za mu je mu zaunar da ita. Cire shi yanzu!"

Ta cire. Amma kafin ta cire sai da ta leƙa jerin waɗanda suka kalla. Ga sunan Halima Sadiya a sama.

Wanda bai san Halima Sadiya ba, 'yar ƙanwar uwar Saudat ce, tana aure a Kibiya. Ba ta kallon abu a waya ta wuce. Yatsu biyu take haɗawa a gefen wayar, ƙyas, ta ɗauke hoton fuskar wayar gaba ɗaya, abin da suke kira sikirinshot. Ko ka goge naka, nata na nan. An ce a wayarta akwai auren da ya mutu ma, da hujjojinsa a jere.

Lubabatu ta kira ta nan take.

"Halima, don girman Allah, abin da kika gani a wajena..."

"Wayyo Anti Luba, ashe haka Allah ya yi? Ai ni ban yarda ba, shi ya sa na tura wa Saudat in ji ko gaskiya ne."

"Kika tura wa WA?"

"Ai bai shiga ba, alama ɗaya ce har yanzu. Kin san gidan Inna Kulu, sabis sai an yi sa'a."

"Goge shi!"

"To ai data ta ta ƙare yanzun nan, ko na goge a wajena kawai zai gogu. Kuma na sa a guruf ɗin matan Durba..."

Lubabatu ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta zari hijabi, ta bar tukunya a kan wuta, ta fita. Su Zailani ko garejin Kano ba su bari ba. Ita ce mafi kusa.

A tasha ta sami motar Kibiya saura mutum biyu, direban kuma yana gindin bishiya yana shan fura kamar wanda ba shi da wurin zuwa. Ta ce ya tashi, ta ɗauki sauran kujerun. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Hajiya, gobara ce?"

"Ta fi gobara. Tashi mu je."

A mota wata mata ta buɗe waya kusa da ita, tana ta shafa fuskar wayar da yatsa, Lubabatu ta kau da kai, tana tsoron ta ga fuskar ƙaninta a wayar baƙuwa. Ta so ta kira Inna Kulu, mahaifiyar Saudat, sai ta tuna tsohuwar ba ta riƙe waya, ta Saudat ake kira a ba ta. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji kamar shi ne zai girgiza sabis ya shiga gidan nan.

A Kibiya ta hau babur zuwa Durba. Dawa ta yi tsayi a gefen hanya, mai babur yana ta ba ta labarin tsadar taki, ita kuwa "uhm" kawai take cewa, tana goge ido da bakin hijabi. Kafin su isa ƙofar gidan ta ce ya tsaya. Ta sauka, ta roƙi ruwa a wajen wani mai wankin babur, ta wanke fuska, ta gwada murmushi. Bai zauna ba. Haka ta shiga.

Abin da ta tarar ya kusa tsayar mata da numfashi. Saudat ce a tsaye a kan turmin da aka kife a jikin katanga, da wannan ƙaton ciki, hannu ɗaya dafe da bango, ɗaya ta ɗaga waya sama.

"Lah, Yaya Luba! Ke ce da tsakar rana haka, ba ko sanarwa?"

"Sauko. Sauko a hankali, Saudat. Me kike a kan turmi?"

"Nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Halima ce ta turo min hoto ya ƙi buɗewa, sai juyawa yake. Ya yi dishi-dishi, amma kamar hular ƙaninki nake gani. Ko dai wata ya je gani a Kibiya aka kama min shi?"

Ta faɗa tana dariya. Lubabatu ta ji dariyar nan har cikin ƙashinta.

"Kawo in buɗe miki, na fi ki tsawo."

"Bari, ya kusa. Saura kaɗan."

"Saudat, ki ba ni wayar nan, ki sauko. Idan kika faɗo me zan ce wa gida?"

Ta kama ta ta ƙugu, ta sauko da ita, ta zare wayar daga hannunta kamar da wasa. Tana karɓa, hoton ya buɗe. Ga Tajuddeen yana murmushi. Ga Innalillahi a ƙasa. Ga sunanta ita Lubabatu a sama, ɓaro-ɓaro, don sikirinshot ba ya rufa wa kowa asiri. Ta danne maɓallin gefe har wayar ta mutu.

"Af, caji ya ƙare."

"Caji? Ɗazu fa aka karɓo ta daga shago."

"Waɗannan wayoyin ai haka suke."

Ta jefa ta cikin jakarta. Saudat ta daina dariya.

Inna Kulu ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Tsohuwar ta dubi idon Lubabatu, ta dubi ƙafarta, silifas ɗin wanka ne, kowace ƙafa da irin nata. Ba ta tambayi komai ba. Ta ajiye ludayin a hankali.

"Saudatu, shimfiɗa wa yayarki tabarma a ɗaki. Ke ma ki zauna, ƙafar nan ta gaji."

Suna shiga ɗaki sai ga sallama daga zaure, muryoyin mata, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma sallamar mai sanyi, irin wadda ba a yin ta sai da dalili. Matan guruf ne. Wata har ta fara jan hanci. Inna Kulu, da ciwon gwiwarta, Lubabatu ba ta taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba. Ta isa bakin zaure ta baza hannuwa ta tare ƙofa.

"Ba yanzu ba. Ku koma. Wadda ta buɗe baki a nan, ni da ita ne."

Amma sallamar ta riga ta shiga ɗaki. Saudat ta yunƙura za ta tashi.

"Su wa ke nan? Yaya Luba, ba ni wayata."

Lubabatu ta saurara ko za ta ji ƙarar motar Zailani. Babu. Sai kaji, sai muryar Inna Kulu a zaure. Manya ba za su iso a kan lokaci ba. Ita da ta ɓata, ita za ta faɗa.

Ta zagaya bayan Saudat ta zauna, ta jingina ta a ƙirjinta, ta zagaye ta da hannuwa biyu, yadda ta ga tsofaffi na yi.

"Zauna tukuna. Yi salati."

"Me ya faru?"

"Yi salati, na ce."

Saudat ta yi salatin.

"Motarsu ta sami matsala a hanya. An ji ciwo."

"Shi fa?"

"Yana cikin waɗanda suka ji. Jikin da tsanani."

Lubabatu tana jin bugun zuciyar Saudat ta baya, da ƙarfi, da sauri. Ta ƙara riƙe ta. Inna Kulu ta dawo, ta durƙusa a gabansu, ta kama ƙafafun 'yarta biyu ta riƙe.

"Yaya Luba," in ji Saudat, a hankali ƙwarai, "kada ki yi ta zagaye da ni. Da asibiti ne, da can kika tafi, ba nan ba."

Lubabatu ta sa bakinta daidai kunnenta ta faɗa mata.

Kukan da ya fito, har matan da ke waje sai da suka zauna a ƙasa. Jikin Saudat ya saki, ya yi nauyi, kanta ya koma baya. Lubabatu ta riƙe, tana kiran sunanta, Inna Kulu tana shafa mata ruwa a fuska tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Can Saudat ta ja dogon numfashi, ta buɗe ido. Ba ta suma ba. Ta lalubo hannun Lubabatu ta ɗora a kan cikinta, ta danne.

"Yana motsi?" in ji Inna Kulu.

Lubabatu ta jira. Ta jira. Sannan ta ji ɗan ƙaramin shuri a tafin hannunta.

"Yana yi, Inna."

Sai a lokacin ta sunkuyar da kai a kafaɗar matar ƙaninta, ta ci gaba da nata kukan daga inda ta tsaya.