Ɗaya Cikin Bakwai

A makarantar kuɗi ta Madam Rhoda da ke Romi, Malam Zakariyya'u malamin kimiyyar sinadarai ne a takarda. Amma ba don sinadarai iyayen yara suke nemansa ba. Suna nemansa ne saboda wani baƙin littafi mai bangon kwali da ya shekara goma sha huɗu yana cikawa: sunan duk ɗalibin da ya bi ta makarantar, makin da ya ci a jarrabawar JAMB, jami'ar da ya nema da fannin da ya zaɓa, sai layin ƙarshe inda yake rubuta "ya samu" ko "bai samu ba". Da wannan littafin yake auna wa yaro sa'arsa. Iyaye kuwa, har da dattawan coci da alhazan da za su rantse maka ba su taɓa taka ƙofar boka ba, sukan zauna a gabansa cikin ladabi irin na masu jiran a buga musu ƙasa.

Ranar Alhamis ɗin nan ita ce ta ƙarshe ga wanda yake son canza zaɓinsa kafin a rufe rajistar jarrabawar tantancewa. Cibiyar kwamfutar da ake yin canjin tana Sabon Tasha, ƙarfe biyar take rufewa, kuma ba a aike: sai ɗalibi ya je da ƙafarsa ya ɗora babban yatsansa a kan na'ura.

Da azahar Madam Rhoda ta aika a kira shi.

"Malam Zak, zauna. Maganar Hephzibah ce. Babanta zai zo ƙarfe uku. Ka gaya musu ba za ta samu ba."

"Haka littafin ya ce, Madam?"

"Haka na ce. Ka ga allon nan na bakin geti? Shekara uku muna rubuta ɗari bisa ɗari sun shiga jami'a. Ba zan sauke shi don yarinya ɗaya mai taurin kai ba. Ta bar maganar likitanci, ta ɗauki abin da za a ba ta ba gardama."

Ya san yadda ake samun ɗari bisa ɗarin nan, domin da hannunsa a ciki. Yara da yawa sun shigo ofishinsa da niyyar zama lauyoyi, sun fita da gurbin karatun kiwon kifi. Allon dai bai taɓa yin ƙarya ba. Abin da ba ya faɗa ne yake da yawa.

Haka ita ma Madam. Ba ta ambaci ɗanta Clinton ba, wanda ya ci maki ɗari biyu da hamsin da ɗaya, kuma ya nemi likitanci a tsohuwar jami'ar tarayyar nan da Hephzibah ta nema, wadda kowa ke rububinta. Makin Clinton ba zai kai shi ko bakin ƙofa ba. Abin da Madam ta dogara da shi shi ne wani Onarabul na cocinsu da ya yi mata alkawarin wasiƙa, ya ce gurbi ɗaya tak yake da shi, kuma nata ne. Ta faɗa wa Malam Zakariyya'u haka a asirce wata biyu da suka wuce. Abin da ba ta sani ba, wasu iyaye uku sun riga ta zama a kujerar ofishinsa, kowanne ya rage murya ya ba shi wannan sirrin, da sunan Onarabul ɗin guda.

"Zan duba littafin, Madam," ya ce.

"Duba da kyau. Watan gobe ake sabunta takardun malamai, ka dai tuna."

Ya tuna. Daga Makera yake hawo keke kullum, yana da 'ya'ya huɗu, kuma shekarunsa sun wuce na yawo da takardar neman aiki.

Uku da rabi ta gota kafin su iso, hadari ya haɗu ta gabas. Istifanus, mahaifin yarinyar, ya zo da kakin kamfaninsu na Kudenda, inda yake tuƙa motar ɗaga kaya. Ya roƙi awa biyu ne daga wajen oga. Tun ranar da sakamako ya fito abokan aikinsa suka daina kiransa Istifanus, suka koma Baban Likita, shi kuma bai hana su ba. Hephzibah na biye da shi, rungume da jakar leda mai takardu. Bara ta yi rajista da kanta, ba da sunan makarantar ba, ta ci ɗari biyu da hamsin da huɗu ba ta samu ba, ta yi shekara tana taya uwarta sayar da doya a kasuwar Sabon Tasha, da yamma tana zuwa darasi a makarantar. Bana ta ci ɗari biyu da tamanin da tara. Uban kuma ya riga ya yanke magana a gida: babu karo na uku. In ta sake faɗuwa, Kafanchan za ta, wajen gwaggonta mai shagon ɗinki.

Madam ta shigo ba sallama, ta ja kujera kusa da taga, ta ce ita nata ido ne.

"Malam, ina wuni," in ji Istifanus. "Ni fa zuwa kawai na yi don ta matsa. Magana ta riga ta ƙare. Allah ya buɗe mana hanya ta wani waje."

"To madalla. Hephzibah, kawo takardun."

Ya baje su a tebur. Ya san abin da ke ciki, amma ya bi su ɗaya bayan ɗaya don ya sami abin yi da idanunsa. Ilimin halittu, babu laifi. Sinadarai, babu laifi, kuma ya san dalili. Fizis ne ya ɗan rame. Ya buɗe baƙin littafin ya shiga bin layuka da bayan biro. Fanka ta tsaya, an ɗauke wuta. Agogon bango ya ce huɗu saura kwata.

"Malam Zak, lokaci fa," in ji Madam. "Faɗa musu kawai."

Kalma uku ce: ba za ta. Daga nan kowa ya kama gabansa, allo ya zauna a bakin geti, shi ya zauna a kujerarsa. Kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don ya fi yiwuwa ba za ta samu ɗin ba. Ya ɗaga kai zai faɗa, sai ya ga yarinyar ba shi take kallo ba, littafin take karantawa a juye.

"Malam," ta ce, "ni ba 'za ki samu' ko 'ba za ki samu ba' nake so ba. Nawa cikin nawa?"

Shekara uku yana koya musu kada su rubuta amsa ba lamba. Bai taɓa zaton akwai mai saurare ba.

"A shekara goma sha huɗu," ya ce a hankali, "mutum tara ne daga nan suka nemi likitanci a jami'ar nan da maki irin naki. Uku sun samu."

Istifanus ya tafa hannu. "Ɗaya cikin uku! Ai da sauƙi. Ga kuma hanyar da na ce maka."

"Ban gama ba, Baban Hephzibah. Biyu cikin ukun nan wasiƙa ce ta shigar da su, ba maki ba. Cire su. Saura bakwai. Cikin bakwai, ɗaya."

"To ai shi ne nake gaya maka." Istifanus ya matso, ya rage murya yadda duk suke ragewa. "Muna da wasiƙa. Wani Onarabul ne a cocinmu, ranar Lahadi ya riƙe hannuna a bakin mota, ya ce in kawo takardunta. Gurbi ɗaya ne da shi, ya ce na yarinyata ne."

Malam Zakariyya'u bai kalli taga ba, amma ya ji kujerar Madam ta yi ƙara.

Sirrin mutane amana ne, ya san wannan. Ya kuma san cewa idan ya yi shiru, mutumin nan zai ɗora shekarar 'yarsa ta ƙarshe a kan riƙon hannu a bakin mota. Ya rufe biro.

"Kai ne na biyar."

"Na biyar a me?"

"Na biyar da ya zauna a nan ya gaya mini gurbin nan ɗaya nasa ne. Mutum guda ne ya yi muku alkawarin. Ban san lissafin da yake yi ba, ni sinadarai na karanta."

Ɗigon ruwan farko ya sauka a kan kwanon rufi. Istifanus ya cire hular kamfani ya riƙe ta a gwiwa.

"Su wa da wa?"

"Yadda ba zan faɗa musu sunanka ba, haka ba zan faɗa maka nasu ba."

 Fuskar Madam ta yi kamar ta wanda ya taka ƙusa a cikin coci, ba halin ihu. Muryarta ta fito da kaifi.

"Ka ji dai, Baban Hephzibah. Ɗaya cikin bakwai. Wa zai sa 'yarsa a wannan caca? Tashi ku tafi Sabon Tasha tun ba a rufe ba. A sa mata ilimin tsirrai a jami'ar jiha, yau yau za ta kwana da gurbi."

Uban, wanda minti biyar da suka wuce yake Baban Likita, ya miƙe kamar an ƙara masa shekara goma. "Gaskiyar Madam ne. Tashi, Hephzibah. Tsuntsu ɗaya a hannu... tashi mu je."

Ba ta tashi ba. "Malam, shidan nan da ba su samu ba, ina suke?"

"Biyu sun sake rubutawa sun ɗauki wani fannin. Ɗaya tana aikin jinya. Ɗaya yana sayar da waya a Kakuri, ya fi ni kuɗi. Biyu ban san inda suke ba."

"Ɗayan da ya samu fa? Me ya yi?"

Ya juya shafi, ko da yake bai buƙata. "Mace ce, Damaris. Makinta bai kai naki ba da maki biyu. A jarrabawar tantancewa ta ci tamanin da takwas cikin ɗari. Ban taɓa ganin wanda ya sake cin haka ba."

"Fizis ɗinta?"

"Ya fi naki."

"Kwana nawa ya rage?"

"Goma sha tara."

"In kai ne fa, Malam?"

"Ni da na canza," ya ce. "Amma ni matsoraci ne, shi ya sa nake nan. Ilimin tsirran kuma, in kin zaɓa, tara cikin goma kin samu. Wannan ma lamba ce, ki haɗa da ita."

"Hephzibah!" Uban ya daka mata tsawa. "Huɗu da kwata! Ko sai na ɗauke ki?"

Ta tattara takardunta ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin leda, ta bi shi. Ta taga Malam Zakariyya'u ya ga sun tsayar da keke napep a bakin geti, daidai ƙarƙashin allon ɗari bisa ɗari. Uban ya tura ta ciki, mai keke ya sauke labulen leda, ruwa ya kece.

Madam ta tsaya a bakin ƙofa. "Biyar ka ce?"

"Biyar, Madam."

"Ni ce ta nawa?"

"Ta huɗu."

Ta jinjina kai, kamar wannan ne ya fi yi mata ciwo. "Littafin nan naka, ka tafi da shi gida yau. Ranar Litinin za mu yi magana."

Ya yi la'asar a ɗakin gwaje-gwaje, ya dawo ya zauna. Babu abin da ya hana shi tafiya sai ruwa, haka ya gaya wa kansa. Huɗu da rabi, ya lissafa sun kai Sabon Tasha in kwalbatin hanya bai cika ba. Biyar saura kwata, suna kan layi. Uba na iya jan 'yarsa har gaban na'ura, amma yatsan a hannunta yake. Ya buɗe littafin ya rubuta sunanta, ya rubuta makinta, ya tsaya a layin fanni, biro a sama. Biyar ta buga. Ya ajiye biron.

Biyar da rabi ta wuce aka ƙwanƙwasa. Hephzibah ce, jiƙe sharkaf, ledar takardu a ƙarƙashin riga. A bayanta, can bakin baranda, uban yana tsaye ya ba su baya, yana matse hularsa.

"Layi ne ya yi yawa?" in ji Malam Zakariyya'u.

"Babu layi, Malam. Har na zauna a kujera. Matar ta ce in kawo yatsa."

"Sai?"

"Sai na ce mata an gode."

Ya kalli bayan Istifanus. "Baba fa?"

"Bai yi mini magana ba tun daga can. Amma shi ya biya keke zuwa nan, ba gida ba." Ta share ruwa daga goshinta. "Tsofaffin tambayoyin fizis ɗin nan da ke cikin kabad, zan iya ɗauka?"

Ya laluba aljihu ya miƙa mata makulli. "Ki kwashe duka yau. Ban san wa zai riƙe makullin nan ranar Litinin ba."

Istifanus ya yi magana daga baranda, bai juyo ba. "Malam. Ɗaya cikin bakwai ɗin nan, ba ya ƙaruwa?"

"Ba ya ƙaruwa. Ita ce ta takwas, shi ke nan abin da na sani."

Ya ja littafin gabansa, ya cike layin fanni: likitanci. Layin ƙarshe ya bar shi fari, ya hura tawadar ta bushe, ya nemi leda da zai naɗe littafin kada ruwa ya taɓa shi a hanyar Makera.