Gonar Aro ta Yini Ɗaya

A yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, kuma sau uku ina yage wannan shafin. Wanda ya ga kuskure ya rufa mini asiri.

A daminar da ake ta shirin karɓar mulkin kai, kurkunu ya kama Arzika a ƙafar dama. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Lolo, yana da ƴar gonar gero, da ita suke ci shi da matarsa Sabuwa da ƴaƴa uku. Noman farko da ƙyar ya yi shi. Kafin lokacin maimai ƙafa ta kumbura, ya koma dogara sanda, ciyawar harƙiya kuwa ta samu sake har ta fi geron tsawo. Sabuwa ta gwada da fartanyarta, ta ga kafin ta kai ƙarshen kunya farkonta ya sake tsirowa. In aka ƙara mako guda a haka, rumbunsu bana wayam.

Sai ta aika wa yayanta Hamma, can tsallaken iyaka a ƙasar Dahome, ya kawo musu gayya. Hamma ne ya rene ta, shi ya ba Arzika aurenta, don haka Arzika ko ido ba ya iya haɗawa da shi.

Ranar gayya tun asuba Sabuwa ke kan turmi da murhu. Fura, tuwo, miyar kuka da busasshen kifi. Tana jiyo ganga daga daji, zuciyarta fes. Da hantsi ya dubi ludayi ta jera ƙore, maƙwabta mata biyu suka taya ta ɗauka.

Suna isa ta tsaya cak. Gonarsu na nan yadda ta bar ta jiya, har da wani tsuntsu yana lilo a kan ciyawa. Ƙarti ashirin kuwa ga su can a babbar gonar maƙwabcinsu Baba Attahiru, sun ci fiye da rabi, makaɗi Ango na biye da su yana zuga su. Shi Baba Attahiru, wanda duk ƙauyen an san ko ɓawon gyaɗa ba ya bayarwa, yana zaune gindin ɗorawa ya harɗe ƙafa yana cin goro. Arzika na tsaye a gefe kan sandarsa, gumi na zuba kamar shi ke noman.

Sabuwa ta matso ta rage murya. "Malam, mi nike gani?"

"Sabuwa, hannu ne."

"Wane hannu?"

"Bara da Hamma ya zo, ya ce in gwada mai gonata. Na ɗaga hannu haka. Wallahi ban ce tawa ce ba, ban kuma ce ba tawa ba ce. Hannun ne ya yi faɗi."

"Kuma tun da sunka soma ba ka buɗe baki ba?"

"In ce ma Hamma mi? Har ya dafa min kafaɗa ya ce bai yi zaɓen banza ba."

Sabuwa ta dubi mijinta, ta dubi geron da ya yi rawaya a cikin ciyawa. In ta faɗi gaskiya, Hamma mutum ne mai zuciya, zai saɓa hauya ya koma gida da mutanensa, gonar ta zauna haka. Ta gyara ɗaurin zane, ta nufi ɗorawa, ta durƙusa.

"Baba, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Kin ga ikon Allah? Ina zaune, sai ga bayin Allah da ganga."

"Na gani, Baba. To mi za ka ba su su ci? Ka san wanda anka nome wa gona shi ka ciyarwa. Mutum ashirin, ga makaɗi. Kuma mutanenmu ba su cin tuwo gaya. Bunsurun nan naka dai zai ɗan taɓa wani abu."

Goro ya tsaya a bakin Baba Attahiru.

"Ko kuma," in ji Sabuwa, "abincina ya zauna a matsayin naka, kai kuma ka ari gonarmu, a ce taka ce, daga yanzu zuwa la'asar."

Ya daɗe yana kallon ƙoren. Ya ce, "Zuwa la'asar dai?"

Da suka gama babbar gona, ƴan gayya suka zube a inuwa suka far wa tuwo. Hamma na suɗe yatsa yana cika baki.

"Kun ga aikin masu ƴanci, suruki? Mu mun karɓi mulkinmu tun farkon watan nan, ku kuna nan kuna jiran a ba ku. Shi ya sa hannunmu ya fi naku sauri." Sai idonsa ya kai kan ƴar gonar da ke gefe. "Kai! Wagga kuma ta wa? Gona ce ko makiyaya?"

"Ta Baba ce," in ji Sabuwa, ta langaɓe kai. "Tsoho, ba mai taimako. Yaya, da kun taɓa mai ita sadaka. Ga fura da nono can na ajiye, sai an gama."

Hamma ya ƙare wa Baba Attahiru kallo. "Wanga tsoho? Tun safe goro yake ci yana nuna muna inda munka tsallake. Baba, ciwo gare ka?"

"Ƙugu," in ji Baba Attahiru, ya kai hannu ga wuya.

Aka yi dariya, aka miƙe. Ango ya gyara ganga, ya samu abin waƙa. Yana kaɗawa yana cewa ga mai shuka gero ya girbi ciyawa, ga wanda zomo ke haihuwa a gonarsa har ya yi jikoki. Ƙarti suna amsawa, hauya na tashi tana sauka. Baba Attahiru, wanda shekara arba'in ba a taɓa ganin ciyawa ta kwana uku a gonarsa ba, ya sunkuyar da kai.

Abin da Sabuwa ba ta zata ba, Arzika ya samu ƙarfin gwiwa. Ya ɗingiso ya tsaya kan tsohon.

"Baba, na sha gaya maka, noma sammako ne. Ka riƙa duban tawa kana koyi."

Sabuwa ta harare shi har sai da sandar ta kusa kufce masa.

Kafin la'asar an gama. Ciyawa ta kwanta a tsakanin kunyoyi, geron ya fito fili, siriri amma a tsaye, iska na kaɗa shi. Sabuwa ta bi kunya ɗaya tana shafa ganye, ta ji idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙin murhu ne bai sake ta ba.

Hamma ya kafa kai a ƙwaryar fura, ya sauke, ya goge baki. Ya nuna babbar gonar da ludayi.

"Suruki, wagga ta fi ƙarfin mai ciwon ƙafa. Da kaka za mu dawo da jakai, mu girbe maka ita tas, mu kai rumbunka da kanmu."

Baba Attahiru ya miƙe zumbur, ƙugu ya warke. Ya buɗe baki. Arzika ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman matarsa.

Sabuwa kuwa tuni ta kife ƙorenta, ta bi ta tsakiyar geronta da aka nome, sai ganye ke motsi a bayanta. Ni ma bari in bi sawunta kafin wani ya ɗago kai.