Bankwana na Uku

Hureira ta turo akwatinta ta ƙofar baya, wadda ba a buɗewa sai za a zubar da ruwan wanki, tana yi a hankali don kada ƙyauren ya yi ƙara. Ta sako ƙafa ɗaya waje ke nan ta ga tsintsiya, ta ɗaga kai ta ga mai tsintsiyar. Kyauta ce, maƙwabciyarta, tana sharar lungun da tun da aka kafa unguwar Kilomita Biyar ba a taɓa ganin wani ya share shi ba.

"Ina kwana, Uwar Sa'a. Yau kuma babu sallama?"

Hureira ta ce shara za ta zubar. Kyauta ta dubi akwatin, ta dubi sabon leshin da ke jikinta, ta ce lallai sharar bana ta samu gata.

Tikiti ne ya jawo wannan saɗaɗawa. Sa'adatu, 'yar Hureira ɗaya tilo, shekara uku tana aure a Paris, ga haihuwar fari ta zo. Badaru, ƙanen Hureira, yana aiki a wani kamfanin jirgin sama, shi ya samo mata irin tikitin da ake ba dangin ma'aikata. Ya yi mata bayani dalla-dalla cewa tikitin ba shi da kujera: sai an gama shigar da masu cikakken tikiti, in wani bai zo ba, sannan a kira masu jira. Hureira ta ji Paris, ta ji Talata, sauran bayanin ya bi iska.

Don haka Talatar da ta wuce ta yi abin da duk mai tafiya mai nisa yake yi, ta bi unguwa gida gida tana neman gafara. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, kuma a ranta ta riga ta yanke cewa abin da ya fi mota goma nauyi ba shi da dalilin zama a sama. Tsoron nan ne ya kwance mata baki. A tsakar gidanta, gaban matan unguwa, ta riƙe hannun Kyauta tana hawaye ta gaya mata gaskiyar agwagwar Kyautar da ta ɓata shekara biyu da suka wuce. Ba ɓarawo ba ne, ba kare ba ne. Agwagwar ta shigo ta tattake garin rogon da Hureira ta shanya, ta jefe ta da muciya, aka yi maza aka yanka kafin ta cika. Farfesun da ta aika wa Kyauta a ranar don ta rage baƙin ciki, wanda Kyauta ta yaba har ta nemi ƙari, to shi ne.

Ba a hana matafiyi gafara a gaban mutane, Kyauta ta ce ta yafe. Hureira ta share hawaye ta ce ita ma ta yafe wa kowa, ban da mutum ɗaya: munafukin da wasiƙun Muktar suke bi ta hannunsa zuwa ga Sa'adatu, har yaron nan ɗan unguwar Kokoro ya ɗauke mata 'ya ya kai ta bangon duniya. Shekara uku tana neman ko wane ne ba ta gano ba, kuma ta ce shi kam sai sun haɗu a gaban Allah. Mata suka yi dariya, Kyauta ta gyara ɗankwalinta.

Tasi uku suka yi mata rakiya. Kafin la'asar ta dawo a guda ɗaya, da akwatinta, da saƙonnin mutane, ta tarar da Kyauta a ƙofar gida tana ba sauran agwagin ruwa.

Jirgin a cike yake maƙil. Sojoji sun sake yin bore, karo na uku a shekara ɗaya, duk mai fasfo da hali yana neman hanyar fita, Turawa har da karnukansu a keji. Ranar Asabar aka sake bankwana, tasi ɗaya, Kyauta ta ce ta yafe tana kallon bango. Matar liman ta tambaya ko addu'ar Talata tana nan ko sai an sake sabuwa. Nan ma Hureira ta dawo. A kasuwa, layin masu atamfa inda take da rumfa, aka fara gaishe ta da Madam Paris ana tambayarta ya sanyi.

Wannan duk za ta iya haɗiyewa. Abin da ya hana ta sukuni shi ne Sa'adatu ta haihu ran Alhamis, mace, suna jibi. Ta kira ta wayar kantin unguwa tana kuka, ta ce a asibiti ruwan sanyi suka ba ta, babu mai dafa mata ruwan wanka, babu mai dama kunun kanwa. Mai jego da ruwan sanyi! Hureira ta kwana biyu abinci ba ya wuce mata. In jirgin yau ya tafi ya bar ta, za a raɗa wa jikarta suna babu ita, a ɗakin da ba ta san ko akwai tsohuwa ɗaya a cikinsa ba.

Kyauta ta jingine tsintsiya ta ce a jira ta ɗauko mayafi. Hureira ta ce ba ta son rakiya. Kyauta ta ce ba rakiya za ta yi ba, so take ta gani da idonta, don ta gaji da yafewa a banza. Ta fito da mayafi da wani ƙunshi a leda, ta tare tasi.

Ba su yi nisa ba, wajen unguwar Miskine, suka tarar da shinge: tayoyi, tsohon firji, da samari riƙe da sanduna, ɗaya da bindigar da bai san inda ake riƙe ta ba. Daga can bakin kogi ana jin harbi jefi-jefi. Shugabansu ya ce a buɗe akwati, wai neman makamai suke. Hureira ta fara salati. Kyauta, wadda a Miskine aka haife ta kuma yaren Sango ta sha a nono, ta leƙa ta taga ta tambaye shi ko ba shi ne ɗan mai sayar da gawayi na bayan coci ba, ta kuma ce a buɗe masa mana. Ya zuge zip ya cusa kai, ya ci karo da daddawar saƙon mutum bakwai da busasshen kifi da yajin jego. Atishawa ta biyar bai ƙarasa ta ba ya ɗaga hannu aka janye firjin.

A filin jirgi sojojin Faransa ne a ƙofa, ciki kuwa ba masaka tsinke. Saboda dokar hana fita an mayar da tashin jirgin da rana, ga zafi, ga yara suna kuka. Badaru ya hango su daga bayan kanta ya fito yana goge zufa.

"Yaya, ke ce ta uku a masu jira. Ki zauna a nan kada ki motsa, kuma don Allah kada ki sake zuwa ki tsaya a kan shugabana kina kallonsa."

Na ɗaya da na biyu suna zaune a benci na gaba: wani dattijo mai kwat da ya yi ritaya daga kamfanin, da matarsa, madam mai jiki da fankar hannu. Sun girme ta a jerin, sun girme ta a takarda. Hureira ta gaishe su, ta zauna, ta fito da carbi.

Duk watannin nan addu'arta ɗaya ce, Allah Ya kawo zaman lafiya a buɗe hanyoyi. Yau ta rasa yadda za ta jera ta. In hanyoyi suka buɗu, kowa zai iso, jirgi ya cika. Ta yi ta juya abin har ta samu mafita: ba ta roƙi a taɓa kowa ba, ba ta roƙi ko ƙwarzane ba, tayar mota kawai, ko firjin nan na Miskine ya ƙi janyuwa, mutum uku rak. Duk wanda ya shigo da gudu yana jan akwati sai ta ji kamar daga bakinta aka fizge loma. Wata 'yar Turai ta iso a makare da kyanwa a kwando, Hureira ta bi kyanwar da harara har ta shige.

Ƙarfe biyu saura aka rufe kanta. Shugaban Badaru ya duba takardu, ya ƙirga da biro, ya ɗaga yatsa ɗaya. Kujera ɗaya ce.

Dattijo mai kwat ya miƙe tun kafin a kira shi. Ya juya ga matarsa yana bayani cikin Faransanci mai laushi, cewa shi zai yi gaba ya shirya masauki, ita ta biyo jirgin Asabar. Madam ta fara gyaɗa kai. Hureira ba ta yi kuka ba, ta dai mayar da carbin cikin jaka, ta fara tunanin ta wace ƙofa za ta shiga gida.

Kyauta ta matsa kusa da madam ta roƙi aron fanka. Cikin Sango, murya ƙasa ƙasa kamar mai jaje, ta yaba mata haƙuri. Ta ce ba kowace mace ce za ta zauna cikin harbi ta bar miji ya tafi Paris shi kaɗai ba, ga kwat, ga turare, ga fansho. Ta ce ita ma wata 'yar uwarta haka ta yi, aka ce ta biyo jirgin Asabar, yau shekara tara ana Asabar. Ta mayar da fankar ta yi godiya.

Madam ta daina gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta karɓi fasfon mijin wai za ta duba wani abu, ta saka shi cikin rigarta, ta koma ta zauna. Ta gaya wa shugaban cewa tare suka zo, tare za su tafi ko tare su koma. Dattijo ya yi magana, ya yi magana, har Faransancin ya ƙare ya koma Sango. Shugaban ya duba agogo, ya ja layi a kan sunaye biyu, ya kira na uku.

Daga nan komai da gudu aka yi shi. Badaru ya jefa akwatin a kan sikeli, ya danƙa mata kati mai lambar kujera, yana faɗa mata cewa jirgin zai sauka a Injamena ya ɗebi mutane, kada ta tashi daga kujerar ko da fitsari zai kashe ta, don mai irin tikitinta ana iya sauke shi a hanya. Hureira ta ce ko da ƙugiya ba mai ɗaga ta.

A bakin ƙofar da masu rakiya ba sa wucewa Kyauta ta riƙo mayafinta. Ta karɓi katin ta juya shi, ta tambayi Badaru ko wannan karon tabbas ne, babu dawowa. Ya ce in sha Allahu babu. Ta sake tambaya, ya sake faɗa. Sannan ta saka wa Hureira ƙunshin ledar a hannu.

"Uwar Sa'a, mu yafi juna. Wasiƙun Muktar ta gidana suke bi. A cikin kwanon tuwo nake aiko mata da su, ke kike karɓa a ƙofa."

Hureira ta buɗe baki. Shekara uku tana tanadin maganar da za ta gaya wa mutumin nan, ta jera ta tsaf, da farko da ƙarshe. Ta gilashi tana hango jirgin, ƙato, babu abin da zai riƙe shi a sama sai ikon Allah, kuma ba ta ga mai hankalin da zai hau shi da wani a ƙulle a zuciya ba. Wata ma'aikaciya tana ta kiran madam, madam.

"Kin jira sai da aka ba ni kujera."

"Ni ba na sallama sau uku. Yaron kirki ne, Uwar Sa'a, kin sani. Ki gaishe min da jikata."

Hureira ta dube ta, idonta ya cika. Haushi take ji, kuma ta san ba don bakin matar nan ba da yanzu tana cikin tasi.

"Na yafe," in ji ta. "Amma wata uku zan yi, ba shekara ba. Ki jira ni."

Kujerarta can ƙarshe take, jikin banɗaki. Ta ɗaure bel ɗin kujera har sai da numfashinta ya sarƙe, ta rufe ido, ta karanta duk abin da ta haddace, da wanda ta haddace rabi. A Injamena mutane suka miƙe suna miƙa, ita ta riƙe hannun kujera da hannu biyu, duk ma'aikacin da ya gifta sai ta yi kamar barci take. Sai da jirgin ya sake tashi, ƙasa ta ɓace, ta tabbata jibi da safe, ranar suna, tana can, sannan ta ji yunwar kwana biyu ta taso mata gaba ɗaya.

Ta kwance ƙunshin Kyauta. Soyayyar agwagwa ce, an yanka ta gunduwa-gunduwa an barbaɗe da yaji. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta yi bisimilla ta ɗauki cinya, ta ware ɗayar ta nannaɗe wa mai jego.